Waya Shaida Ce, Kada a Mayar da Ita Alƙalin Albashi

Duk wanda ya taɓa aiki a makarantar firamare, ko asibitin karkara, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ya san littafin sa hannu, wato dogon littafin nan da ake ajiyewa a kan teburin hedimasta ko na magatakarda, wani lokaci har da biro ɗaure da zare. Ya kuma san cewa a shafukan littafin kusan kowa kafin ƙarfe takwas yake isowa, har da wanda ya zo bayan azahar, har da wanda abokinsa ne ya rubuta masa suna, har ma da wanda ya zo ranar Alhamis ya cike layukan Litinin da Talata da Laraba a zama ɗaya. A wasu wuraren ana ja jan layi idan lokaci ya wuce, domin a raba waɗanda suka zo da wuri da waɗanda suka makara, amma shi ma jan biron a hannun mutum yake, mutum kuwa yana da aboki, yana da suruki, yana kuma da wanda yake jin nauyinsa.

Wannan ne ya sa ake ta maganar a koma sa hannu ta wayar salula. Yadda abin yake shi ne, idan ma'aikaci ya iso wurin aiki sai ya buɗe wata manhaja a wayarsa, ita kuma ta karanta inda wayar take ta hanyar GPS, ta gwada da inda aka yi wa makarantar ko asibitin rajista a taswira. Idan wayar tana cikin da'irar da aka shata, misali mita ɗari kewaye da ginin, sai a karɓi sa hannun tare da lokacinsa. Idan kuwa tana waje, sai a ƙi. Wasu manhajojin suna ƙarawa da ɗaukar hoton fuska. Kamfanonin masu gadi, da na gine-gine, da masu aika 'yan talla kasuwanni sun riga sun saba da irin wannan, kuma duk shugaban da ya gaji da ƙaryar littafi dole abin ya ba shi sha'awa.

Ni ma ya ba ni sha'awa, kuma ina da dalili. Shekarun baya na raka wani ɗan'uwana da matarsa mai naƙuda zuwa asibitin garinsu da hantsi, a ranar aiki, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Wani dattijo da ke zaune a inuwar bishiyar da ke bakin asibitin ya ce mana mai ba da magani sai ranar kasuwa yake zuwa, ungozoma kuwa rabonsa da ganinta tun kafin azumi. Muka nemi mota zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, a kan hanyar da lafiyayye ma yake jin ta a jikinsa. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma ban manta da wannan kwaɗon ba, domin na san a ƙarshen watan an biya albashin mutanen da ya kamata su buɗe shi. Wanda ya ci albashin aikin da bai yi ba ya tauye mudu, ya kuma ci haƙƙin mutanen da ba su da wani asibitin ko wata makarantar da za su koma. Saboda haka ba na cikin masu cewa sa ido a kan zuwan ma'aikaci cin mutunci ne.

Matsalar ba tamu ce kaɗai ba. Wani bincike da aka wallafa a 2006, wanda aka yi ta hanyar kai ziyarar ba-zata makarantu da asibitoci a Bangladesh, Ekwado, Indiya, Indonesiya, Peru da Uganda, ya gano cewa a tsakaice kashi 19 cikin ɗari na malamai da kashi 35 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya ba sa wurin aikinsu a lokacin da aka je. A Nijeriya an fi mayar da hankali kan ma'aikatan bogi. An fara tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007, kuma a Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan an gwada su da lambar BVN. Sai dai BVN da dangwala yatsa suna kama sunan da babu mutum a bayansa ne. Ba sa kama mutum mai rai, mai lambar banki ta gaskiya, wanda yake zuwa duk wata tantancewa da takardunsa cif, amma yana zaune a birni yana kasuwancinsa. A Yunin 2024 har Shugaba Tinubu sai da ya ba da umarnin cewa ma'aikatan da suka koma ƙasashen waje suna ci gaba da karɓar albashi su mayar da kuɗin, a kuma hukunta shugabanninsu da suka rufa musu asiri. Wannan giɓin ne sa hannu ta waya yake son cikewa, kuma giɓi ne na gaske.

To amma ya kamata mu fahimci iyakar abin da waya ta sani. Abin da take iya faɗa shi ne, wannan na'urar tana kusa da wannan wurin a wannan mintin. Ba ta san hannun da ke riƙe da ita ba. Malamai biyar za su iya tara wayoyinsu a jakar mutum ɗaya, ya je ya danna musu ɗaya bayan ɗaya, gobe kuma wani ya karɓi juyin. Akwai manhajojin da suke sa wayar Android ta yi ƙaryar inda take, kuma matasanmu masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a kowace tasha ba za su ɗauki mako guda ba su gano yadda ake yi. Ko da an toshe waɗannan hanyoyin da hoton fuska da sauran dabaru, mutum zai iya zuwa ƙarfe takwas ya sa hannu, ya tafi gona ko shago, ya dawo ƙarfe biyu ya sa hannun tashi. Kuma ko ya wuni a harabar makarantar, zaman ƙarƙashin darbejiya ana hira alhali yara suna ta hayaniya a aji, a wurin waya halarta ce cikakkiya.

Wannan kuskure ne ta fuskar wanke mai laifi. Akwai kuma kuskure ta fuskar ɗora wa marar laifi, kuma shi ya fi damuna. Saƙon GPS yana saukowa ne daga taurarin ɗan'adam da ke nisan kimanin kilomita 20,000 daga ƙasa, kuma a fili, inda babu abin da ya tare sama, waya takan gane wuri da kuskuren kusan mita 5. Da zarar an shiga ƙarƙashin rufin kwano, ko tsakanin dogayen gine-gine, kuskuren yana ƙaruwa, kuma tsohuwar waya mai arha ba ta kai sabuwa ƙwarewa ba. Sannan shi wurin da aka yi wa rajista a taswira, wani ne ya je ya ɗauko shi, ko kuma bai je ba ya zauna a ofis ya ƙiyasta. Idan aka sa makaranta a inda ba nan take ba, to malaminta zai zo kullum, ya koyar kullum, na'ura kuma ta rubuta masa fashi kullum. Karanta wuri ba ya buƙatar sabis, amma aika bayanin yana buƙata, kuma manhajoji da yawa ba sa ma buɗewa sai da intanet.

A ganina ƙasar da ta fi cancanta mu duba a wannan batu ita ce Indiya, domin ta gwada irin waɗannan dabarun shekaru da yawa, kuma an rubuta abin da ya biyo baya. A gundumar Udaipur ta jihar Rajasthan, wata ƙungiya mai suna Seva Mandir tana da ƙananan makarantu masu malami ɗaya ɗaya a ƙauyuka masu nisa. A 2003 ta raba wa wani kaso na malaman kyamarori masu buga rana da lokaci, aka ce kullum wani ɗalibi ya ɗauki hoton malamin tare da yara a farkon darasi da kuma lokacin tashi, sannan aka ɗaura albashi a kan yawan ranakun da hoto ya tabbatar. Fashin malamai ya sauko daga kashi 42 cikin ɗari zuwa kashi 21, sakamakon yara ma ya ƙaru. Esther Duflo, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, tana cikin waɗanda suka yi wannan binciken, kuma shi ne masu sayar da manhajoji suke son a ji.

Amma a wannan gundumar dai aka sake gwada dabarar a kan ma'aikatan jinya na ƙananan asibitocin gwamnati, da na'urar buga lokaci, da sharaɗin rage albashin wanda ya yi fashi. A watanni shidan farko zuwa aiki ya ƙaru sosai. Daga nan sai shugabannin sashen lafiya suka fara rubuta wa ma'aikatan ranakun uzuri, a ce suna wani taro ko wani aikin hukuma, na'urori kuma suka riƙa lalacewa, wasunsu da alamar da gangan aka fasa su. Bayan wata 16 babu sauran bambanci tsakanin asibitocin da aka sa wa na'ura da waɗanda ba a sa wa ba. Wuri ɗaya ne, mutanen yanki ɗaya ne, dabarar kusan iri ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne, a karo na farko mai makarantun da gaske yake son malamai su zo, a karo na biyu kuwa waɗanda aka ba amanar hukunci su ne suka buɗe ƙofar baya.

Duk wanda ya san yadda abubuwa suke tafiya a ƙananan hukumominmu zai gane wannan hoton. Fashin aiki mai tsawo ba ya yiwuwa ba tare da sanin na sama ba. Hedimasta ya san malamin da bai taɓa shiga aji ba, mai kula da asibiti ya san ungozomar da ke zaune a birni, sakataren ilimi ya san sunayen da ba a taɓawa saboda matar wane ce ko yaron wane ne. A wasu wuraren ma yarjejeniya ce a fili: ka zauna a gida, idan albashi ya shigo ka kawo kaso. Rashin sani bai taɓa zama matsalar ba, balle a ce taswira za ta warware ta. Idan aka kawo manhaja cikin irin wannan yanayi, wanda yake da uwa a gindin murhu za a rubuta masa cewa yana aiki na musamman a hedikwata, ko wayarsa ta sami matsala an yi masa uzuri. Wanda zai shiga hannu shi ne ƙaramin ma'aikaci marar kowa, wanda batirinsa ya mutu ranar Talata. An ƙyale jaki ke nan ana dukan taiki.

Indiyar ta sake nuna mana wannan a fili. Dokarsu ta 2005 ta ba kowane gida a karkara damar aikin ƙwadago na kwana 100 a shekara, irin su haƙa tafki da gyaran hanya. A 2021 gwamnati ta fito da manhajar NMMS, daga farkon Janairun 2023 kuma ta wajabta ta a wuraren aikin, inda mai kula da leburori zai ɗauki hotonsu sau biyu a rana, hoto mai ɗauke da wuri da lokaci, ya aika. Inda sabis ya yanke ko manhajar ta ƙi buɗewa, sai mutane su wuni suna haƙa a rana amma ba a rubuta musu zuwa ba, ladan ranar ya bi ruwa. Yawancin masu wannan aikin mata ne matalauta, kuma a 2023 sun yi makonni suna zaman dirshan a Jantar Mantar da ke Delhi a kan wannan da wasu koke-koke. Su kuma masu almundahanar da aka yi manhajar dominsu, sai suka koma ɗaukar hoton hoto suna aikawa, har a 2025 ma'aikatar raya karkara da kanta ta amince ana yin hakan, ta ce jami'ai su koma duba hotunan da idonsu.

Yanzu a ɗauko wannan a ajiye shi a ƙauyukanmu. Akwai garuruwan da sai an hau tudu ko an je gindin wata bishiya ta musamman kafin a sami sabis ɗin kira, balle na intanet. Akwai inda ake kai waya wurin mai janareto a biya kuɗin caji. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni ana cikin wannan hali. Da a ce albashi yana rataye da sa hannu ta waya a lokacin, malaman da suka yi ƙarfin halin zama a bakin aikinsu cikin tsoro su ne za su fito a matsayin waɗanda suka gudu. Sannan mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kansa a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma ba kowane malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ya fara ganinsa a kan lokaci ba. A ce wa mai irin wannan albashi ya sayi babbar waya, ya sa mata data, ya biya caji, duk domin ya tabbatar wa mai aikinsa cewa ya zo, rage albashi ne ta bayan gida. Alli da allo ba malami ke saye ba, sirinji ba ma'aikacin jinya ke saye ba. Idan hukuma tana son wannan shaidar, ita ya kamata ta sayi kayan ɗaukarta, ko da waya ɗaya ce ta makaranta da ƙaramin faifan sola.

Matsayina a nan shi ne, a karɓi abin da waya ta faɗa a matsayin shaida guda ɗaya, kada a bar ta ta yanke hukunci. Idan manhaja ta nuna wane bai zo ba kwana goma a wata, wannan dalili ne na a kira shi a tambaye shi, a tambayi shugabansa, a je wurin a gani. Ba dalili ba ne na kwamfuta ta zaftare albashinsa kai tsaye, sannan a bar shi yana sintiri tsakanin ofisoshi da takardar koke wata uku. A shari'armu hujja tana kan mai da'awa ne, kuma wanda ya ce ma'aikaci bai zo ba shi ne mai da'awa. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa tun kafin guminsa ya bushe, kuma ban ga yadda lalacewar manhaja za ta zama uzurin saɓa wannan ba. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Dokar Kare Bayanai ta 2023 ya ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi bisa lissafin na'ura kaɗai, kuma ko a inda aka yi togaciya, dokar ta tanadi damar mutum ya nemi ɗan'adam ya duba lamarinsa, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Riƙe abincin iyalin mutum na wata guda hukunci ne mai nauyi ta kowace fuska. Ina ganin ƙungiyar malamai ta NUT da ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya sun fi buƙatar tsayawa a kan wannan sharaɗin fiye da su ƙi tsarin gaba ɗaya, domin ƙin sa gaba ɗaya zai sa jama'a su ɗauka kare masu fashi suke yi.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda ake amfani da irin wannan fasaha ta hanyar da ta dace. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna a Arewa, daga wajajen 2012 an riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS, waɗanda suke rubuta hanyar da suka bi a wunin, kuma ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka gudanar da aikin. Abin lura shi ne, kafin a fara bin sawun ma'aikata sai da aka zauna aka gyara taswirorin kansu da hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma gano ƙauyuka da rugage da ba sa cikin tsofaffin taswirorin da ake zanawa da hannu. Wayoyin na shirin ne, ba na ma'aikatan ba, ana karɓarsu idan an tashi. Babbar tambayar da ake yi wa bayanan kuwa ita ce wace unguwa aka tsallake, domin a koma mata kafin zagayen ya ƙare. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, Nijeriya ce kuma ƙasa ta ƙarshe da ake jira. Ba waya ce ta yi wannan aikin ba, matan da suka bi gida gida ne da sarakuna da malamai da suka tsaya, amma wayar ta taimaka saboda idonta yana kan yaron da ba a kai gare shi ba.

Akwai kuma batun sirri, wanda a wurinmu ya wuce maganar jin daɗi, ya kai ga maganar rai. Manhajar da take karanta wuri a lokacin sa hannu kaɗai daban take da wadda take bin mutum dare da rana, amma ma'aikaci na ƙasa ba shi da hanyar bambance su, domin abin da ya sani shi ne an ce ya danna ya yarda, in ba haka ba babu albashi. Yardar da aka karɓa da barazanar yunwa ba yarda ba ce. A yankin da ake sace mutane don kuɗin fansa, jerin da ke nuna gidan da ma'aikaciyar jinya take kwana, da hanyar da take bi, da lokacin da take fitowa, kaya ne mai haɗari, kuma mun san yadda bayanan mutane suke yawo daga ofisoshi zuwa hannun da bai dace ba. Ko babu 'yan bindiga, shugaba namiji da zai iya ganin duk inda ma'aikaciyarsa ta je bayan an tashi ya sami wani iko a kanta da aikin bai ba shi ba. Alƙur'ani ya hana bin diddigin asirin mutane, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da sadarwarsa. Haƙƙin mai aiki ya tsaya ne a kan sanin ko ka zo, kuma wannan amsa ce ta i ko a'a. Bai kamata a adana fiye da haka ba, bai kuma kamata kamfanin da ya ƙera manhajar ya riƙe bayanan kamar kayansa ba. Hukumar NDPC da aka ɗora wa kula da Dokar Kare Bayanai tana da hurumin tambayar duk wata hukuma ko kamfani abin da yake tarawa da kuma tsawon lokacin da yake ajiye shi.

A kamfanoni masu zaman kansu abin ya fi sauƙin lalacewa, domin mai gadi ko lebura ko mai shara ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa. Na sha jin masu gadi suna cewa an cire musu kuɗin kwana biyu ko uku saboda manhaja ba ta karɓa ba, alhali mai gidan da suke gadi ya gan su da idonsa. Idan ɗan kwangila ne yake riƙe da na'urar, shi ne kuma yake amfana da duk abin da aka cire, to an haɗa masa shaida da alƙalanci da riba a hannu ɗaya.

Sai kuma tambayar da manhaja ba za ta taɓa yi ba, wato me ya hana mutumin zuwa. Wani lalaci ne, wani cin amana ne, kuma waɗannan a hukunta su. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, har jihohi irin su Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis a lokacin, wanda amincewa ce daga gwamnati cewa albashin bai isa zirga-zirgar kwana biyar ba. Malamar da aka tura ƙauye mai nisan kilomita talatin, babu gidan malamai, babu mota sai babur, hanya kuma ba a binta bayan la'asar, ba za ta fara zuwa kullum don an shata da'ira a taswira ba. Ko dai ta nemi dabarar yaudarar wayar, ko ta nemi canjin wuri ta hannun wani babba, ko ta ajiye aikin, kuma a duka ukun yaran ƙauyen ba su sami malama ba. Kuɗin kwangilar manhaja da za a kashe, in da an raba shi an gyara ɗakuna biyu a harabar asibiti, an biya alawus ɗin karkara a kan lokaci, an kuma ɗauki 'yan asalin yankin da suka cancanta, da shi ma ya rage fashi ta hanyar da babu mai iya yi mata dabara.

Idan har za a fara, ina roƙon a fara daga sama. Daraktoci da shugabannin sassa da sakatarorin ilimi da shugabannin ƙananan hukumomi, waɗanda da yawansu a babban birnin jiha suke zaune sai ranar rabon kuɗi, su fara sa hannu daga cikin da'irar sakatariyarsu na tsawon wata shida, kafin a sauko kan mai share aji. Sufetocin makarantu ma wayarsu ta nuna cewa sun taka makarantun da suke rubuta rahoto a kansu. Mutane sun yi ta yaba wa Gwamna Zulum na Borno saboda yadda yake dirar mikiya a makarantu da sassafe da asibitoci cikin dare, kuma abin da ya ba wannan ziyarar ƙarfi shi ne ma'aikata sun san mai ikon hukuntawa da sakawa ne ya zo da kansa ya gani. Gwamna ɗaya ba zai iya zagaye dubban makarantu ba, a nan ne waya za ta yi amfani, ta nuna masa inda ya kamata ya tura mutum.

A ƙarshen kowane wata kuma a buga abin da manhajar ta tara a takarda, a liƙa a ƙofar makarantar ko asibitin, da sunan kowane ma'aikaci da yawan ranakun da aka ce ya zo. Kwamitin iyaye da ke kula da makaranta, da mai unguwa, da liman, da matan da suke zuwa awo, su karanta ko a karanta musu, su ce wannan gaskiya ne, wannan kuwa ba mu taɓa ganinsa ba, wancan kuma kullum yana nan ko da wayarsa ta ce ba ya nan. A ba su lambar da za su kira, a kuma wajabta wa hukuma ta ba su amsa a rubuce cikin kwanaki ƙididdigaggu. Dattijon nan da muka tarar a inuwar bishiya ya san ranar da mai magani yake zuwa da watan da ungozoma ta daina zuwa, ba tare da tauraron ɗan'adam ba, kuma da alama kafin mu babu wani jami'i da ya taɓa tsayawa ya tambaye shi.